Ƙasa ba majiyyaciya ba ce: tunani a kan rayuwar Dokta Kamuzu Banda

A cikin mutanen da talaka yake sakin jiki da su ba tare da dogon bincike ba, da wuya a sami kamar biyu. Na farko shi ne likita, wanda ake kwanta masa, a tuɓe riga a gabansa, a sha abin da ya bayar ko da ya fi maɗaci ɗaci. Na biyu shi ne wanda zalunci ya raba da ƙasarsa ya yi shekaru yana zaman baƙunci, domin jama'a na ɗaukar wuyar da ya sha a matsayin shaidar gaskiyarsa. To, idan Allah ya haɗa abubuwan nan biyu a kan mutum guda, ya dawo gida yana neman ragamar mulki, me ya cancanta a ba shi, me kuma ya wajaba a hana shi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu juya, ni da kai mai karatu, kuma za mu auna ta da rayuwar mutum ɗaya, wato Dokta Hastings Kamuzu Banda na ƙasar Malawi.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga zancen hijira. Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne da jihadi ya fitar daga birninsu wajen 1807 suka mayar da ita mazauni, Tsibiri kuwa, a nan cikin yankin Gidan Runji, Gobirawa ne suka kafa ta wajen 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Har gobe sarautun biyu suna ɗauke da sunayen ƙasashen da aka baro, Katsina da Gobir. Saboda haka mun san yadda begen gida yake daɗewa a zuciya, har jika ya gaje shi daga kaka. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da mai bege yake shiga ranar da ƙofa ta buɗe masa ya komo.

Tafiyar shekara 42

An haifi Banda kusa da garin Kasungu, a ƙasar da Turawan Ingila ke kira Niyasaland, wajen 1898, ko da yake daga baya gwamnatinsa ta tsayar da 1906. Yana saurayi ya fita da ƙafa wajen 1915, ya yi aikin share-share a wani asibiti a Rodeshiya ta Kudu, sannan ya gangara Johannesburg ya yi aiki a ma'adinai. A 1925 wata majami'ar baƙaƙen fata ta taimaka masa ya tafi Amurka. Ya yi karatu a Wilberforce da jami'ar Shikago, ya fito likita daga makarantar Meharry a 1937, ya ƙara samun takardar Edinbara a 1941, domin mulkin Ingila ba ya karɓar takardar Amurka.

Nufinsa a lokacin shi ne ya koma gida ya yi wa mutanensa aiki. Wariyar launin fata ce ta tare masa hanya, domin ba a shirye ake ba a ga baƙin likita yana ba fararen ma'aikatan jinya umarni. Sai ya zauna Ingila, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Liverpool, daga baya a Landan. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa likita ne mai tausayi, yana duba matalauta ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, yana kuma biya wa yaran Afirka kuɗin makaranta. Ya halarci babban taron ƴan kishin Afirka na Manchester a 1945. Da Ingila ta haɗe Niyasaland da Rodeshiya biyu a 1953, abin da ya yi ta yaƙi da shi, sai ya ƙaura zuwa Kumasi, birnin goro da fatakenmu suka daɗe da sani, ya ci gaba da aikinsa.

A can gida, samarin jam'iyyar ƴan ƙasa, irin su Henry Chipembere da Kanyama Chiume da Dunduzu Chisiza, sun lura cewa ƙauyawa da sarakuna ba za su bi yara ba. Suna bukatar dattijo mai furfura da takardu, wanda rigingimun cikin gida ba su shafa masa baƙi ba. Su suka rubuta masa, su suka yi ta kambama sunansa gari gari tun bai iso ba. Ranar 6 ga Yuli 1958 ya sauka a filin jirgin Chileka, dubban mutane suna jiransa. Shekara 42 ke nan rabonsa da ƙasar, har harshen uwarsa, Cicewa, ya kuɓuce masa, sai da tafinta yake yi wa jama'a jawabi.

Abin da aka kira shi ya yi, ya yi shi. Turawa sun kama shi ranar 3 ga Maris 1959 suka tsare shi a Gwelo fiye da shekara guda, jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1961, haɗakar da ya tsana ta rushe a ƙarshen 1963, ranar 6 ga Yuli 1964 kuma ƙasar ta sami ƴanci da sunan Malawi.

Rigimar toro

Ba a cika wata biyu da ƴanci ba sai ministocinsa suka zo masa da ƙorafi. Suna ganin yana jan ƙafa wajen ba ƴan ƙasa manyan muƙaman da Turawa ke riƙe da su, yana ƙawance da Fotugal mai mulkin mallaka a Mozambik, yana yanke shawara shi kaɗai, yana kuma kiran su yaransa a bainar jama'a. Cikin ƙorafin har da kuɗin da ya ɗora wa duk mai zuwa asibitin gwamnati, toro guda, wato kwabo uku. Ka duba wannan abin mamaki: likitan da ya duba talakan Ingila kyauta shi ne ya sa wa talakan ƙasarsa kuɗin ganin likita, samarin da ba su taɓa riƙe allura ba su ne suka ce masa jama'a ba za su iya ba.

Amsarsa ita ce kora. A farkon Satumba 1964 ya sallami wasu, sauran suka ajiye aiki don nuna goyon baya ga ƴan uwansu. Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. Chiume ya gudu Tanzaniya, bai komo ba sai 1994. Chipembere ya gwada tawaye a 1965 bai ci nasara ba, ya rasu a Amurka a 1975. Yatuta Chisiza ya shigo da makamai a 1967 aka kashe shi. Orton Chirwa, lauyan da ya kafa jam'iyyar Malawi Congress ya riƙe wa Banda kujerarta lokacin da yake tsare, an kamo shi a 1981, ya mutu a kurkukun Zomba a 1992. Waɗanda suka kira baƙo gida su suka koma baƙi, wasunsu ko kabari ba su samu a ƙasarsu ba.

A 1966 ƙasar ta koma ta jam'iyya ɗaya, a 1971 aka naɗa shi shugaba na har abada. Ya ɗora mulkinsa a kan ginshiƙai huɗu: haɗin kai, riƙon amana ga shugaba, biyayya da ladabi. Ya tsara wa mutane abin da za su karanta da abin da za su saka, dokar 1973 ta hana mata wando da gajeren siket, maza kuma aka hana su tara gashi, bai kuma yarda a kafa gidan talabijin ba. A watan Mayu 1983 aka kashe ministoci uku da ɗan majalisa guda a Mwanza, aka ce haɗarin mota ne. Marubucin waƙoƙi Jack Mapanje ya yi zaman kurkuku daga 1987 zuwa 1991 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Likita iri biyu

Kada mu yi gaggawar cewa mulki ne kawai ya ɓata mutumin kirki. Ni a ganina Banda bai taɓa daina zama likita ba, kuma a nan matsalar take. Kwatanta mai mulki da likita tsohon zance ne. Aflatun ya yi shi, Alfarabi ma ya yi shi, inda ya ɗauki birni kamar jiki, sarki kuma mai kula da lafiyarsa. Misalin yana da daɗin ji, amma yana ɓoye tarko, domin abubuwa uku ne suke halasta wa likita ikon da yake da shi a kan majiyyaci, kuma babu ko ɗaya cikinsu da yake tsayawa daram idan aka kai shi fagen mulki.

Na ɗaya, likita da majiyyaci ba su da saɓani a kan abin da ake nema: zazzaɓi ya sauka, ƙashi ya ɗoru. Ƙasa kuwa ba ta da lafiya guda da kowa ya yarda da ita. Abin da manomi yake kira sauƙi, makiyayi yana iya kiran sa cuta, kuma duk wanda ya san rikicin burtali da gonaki a wannan jiha ya san haka. Sulhunta irin wannan saɓani shi ne ainihin aikin siyasa, ba a gano shi da awon jini. Na biyu, majiyyaci yana da ikon ya tashi ya nemi wani likitan, ko ya ce ba ya sha. Shugaban har abada likita ne da ya kulle ƙofar asibiti ya jefa mabuɗi a aljihu. Na uku, likita ya saba da cewa kukan majiyyaci ba hujja ba ne: yaro yana ihu, ana yi masa allura, don amfaninsa. Wanda ya shigo mulki da wannan sabo, duk mai suka zai zame masa ko dai yaro mai ƙin magani ko kuma ƙurjin da ya kamata a tsaga.

Aflatun da kansa ya hango wannan. A littafinsa na Dokoki ya bambanta likita iri biyu. Akwai mai duba bayi, wanda yake ba da umarni a gurguje ya wuce, ba bayani. Akwai kuma mai duba ƴaƴa, wanda yake zama ya tambayi majiyyaci da danginsa yadda ciwon ya faro, ya koya daga gare su, ba ya kuma ba da magani sai ya shawo kansu. Banda ya zama likitan ƴaƴa a Landan, ya zama likitan bayi a Zomba. Wani abin lura kuma, a mulkin wannan likita ƙasar ba ta sami makarantar horar da likitoci ta kanta ba sai 1991, alhali tun 1981 ya gina makarantar Kamuzu Academy inda ake koyar da Latin da Girkanci.

Hoton da ke cikin jaka

Ita ma hijira tana da nata ciwon. Wanda ya bar gida yana tafiya da hoton ƙasarsa kamar yadda ya bar ta, hoton kuwa ba ya tsufa, ƙasar ce take tsufa. Banda ya bar Niyasaland ta 1915, ƙasar dattawa da mishan, inda yaro ba ya ɗaga ido gaban babba. Ya dawo ya tarar da samari masu digiri da ke jayayya, bai ga abokan shawara a cikinsu ba, sai marasa kunya. Mu malaman harshe akwai wani ɓangaren labarin da ya fi shafar mu: mutumin da ya dawo yana magana ta bakin tafinta shi ne a 1968 ya ɗaukaka Cicewa ya zama harshen ƙasa, aka fitar da harshen Tumbuka daga rediyo da makarantu, ya kuma riƙa gyara wa mutane Cicewarsu bisa ga yadda ya ji ta yana yaro. Waɗanda ba su taɓa daina magana da harshen ba su aka mayar ɗalibai.

Tarihinmu ma ya ga irin wannan tazara tsakanin hoto da gaskiya. A ƙarshen 1964 mayaƙan Sawaba, waɗanda suka sami horo a ƙasashen waje, sun tsallako iyaka suna sa ran jama'a za ta tashi tare da su kamar a 1957. Amma shekarun danniya sun riga sun sauya ƙauyuka, tsoro ya shiga, aka kama da yawansu cikin ƴan kwanaki. Ba ƙarancin kishi ne ya kayar da su ba, labarin da ke hannun shugabanninsu a waje ne ya riga ya tsufa.

Sai kuma ciwo na biyu, wato lissafin bashi. Mai dawowa yakan ji cewa ya biya farashi, don haka ƙasa ta ci bashinsa. Gaskiya ne ya sha wuya. To amma wanda ya zauna fa, ya biya haraji, ya sha bulalar ɗan sanda, ya binne ƴaƴansa a shekarar yunwa, wa zai biya shi nasa? In wuya ce take ba da sarauta, da talakan da bai taɓa ganin filin jirgi ba ya riga kowa.

Abin da za a iya cewa a madadinsa

Adalci ya wajabta mu ji ɗaya ɓangaren. Ba laifi ba ne likita ya shiga siyasa, sau da yawa ma aikinsa ne yake tura shi. A 1848 gwamnatin Prusiya ta aiki Rudolf Virchow ya binciki wata annoba a yankin Silesiya, ya dawo ya ce tushenta talauci ne da jahilci da danniya, maganinta kuma ilimi da ƴanci. Likitan da yake ganin yara masu tamowa suna komowa asibiti kowace bazara yana da hujjar ya tambayi abin da ke faruwa a rumbu da kasuwa. Sai dai a lura, maganin da Virchow ya rubuta shi ne a ƙara wa jama'a iko a kan al'amarinsu.

Haka kuma Banda ya bar abin nunawa: jami'a, hanyoyi, sabon babban birni a Lilongwe a 1975, da ƙasar da ba ta faɗa yaƙin basasa ba alhali maƙwabciyarta Mozambik tana ci da wuta. Akwai ƴan Malawi da ke tuna shi da alheri, jam'iyyarsa ma ta sake cin zaɓe a 2020. Kuma da limaman Katolika suka fitar da wasiƙarsu ta suka a Maris 1992, masu ba da agaji suka janye hannu, ya yarda aka yi zaɓen raba gardama a Yuni 1993, inda kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi jam'iyyu da yawa. A Mayu 1994 Bakili Muluzi ya kayar da shi, ya amsa kaye ba gardama. Kotu ta wanke shi daga kisan Mwanza a 1995, ya nemi gafarar jama'a a farkon 1996, ya rasu a Nuwamba 1997. Duk wannan gaskiya ne. Amma hanya da gini ba sa mayar da ran Orton Chirwa, kuma a'ar da ya karɓa yana tsoho tukuf ita ce dai wadda ministocinsa suka faɗa masa shekara 30 kafin nan a kan toro guda.

Domin kada a ce ƙaddarar kowane likita ke nan, ga Abel Goumba na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi ma likita ne, ya riƙe gwamnati na ɗan lokaci bayan rasuwar Barthélemy Boganda a 1959, David Dacko ya ture shi ya tsare shi, ya yi kusan shekara 20 a waje yana aikin lafiya. Ya dawo a 1981 ya tsaya takara, bai sami ko kashi 2 cikin 100 ba. Bai ce jama'a ta ci amanarsa ba. Ya zauna, ya sha ɗauri, ya sake tsayawa a 1993 ya sami sama da kashi 46 a zagaye na biyu, ya faɗi. Ba waliyyi ba ne, domin a 2003 ya karɓi muƙamin firaminista daga hannun François Bozizé wanda ya hau mulki da bindiga, abin da ya rage masa daraja a idon masoyansa. Duk da haka ya nuna cewa mutum yana iya dawowa daga hijira da takardar likita a hannu, a ce masa a'a, ya ci gaba da zama ɗan ƙasa kamar kowa.

Abin da ya rage gare mu

A yau ƴaƴan Agye da Gazawa da Gidan Runji suna karatu da aiki a ƙasashe da dama, wasu neman ilimi ya fitar da su, wasu siyasa. Za su dawo, muna kuma fatan su dawo, domin asibitocinmu da makarantunmu suna bukatar su. Ƙungiyoyinmu ne za su shirya tarba, mu malamai ne za a ba rubutun jawabin maraba. A nan ne nauyin yake hawa kanmu, domin Banda bai naɗa kansa mai ceto ba, samari masu ilimi ne suka ɗinka masa rigar, suna zaton za su iya tuɓe masa ita in sun ga dama.

Ƙasarmu ta riga ta koya mana darajar sanin wanda ya zauna. Bayan farin 1973 da na 1984 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwan da aka reno a gandu, akasarinsu suka mutu. Abin da ya mayar da kore a gonakin Maraɗi da Damagaram shi ne sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon gawo da kalgo da sabara da ke fitowa daga tsofaffin kututture, ya rage rassa, ya tsare su. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kan haka, masu bincike kuma sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta awon hekta. Masanan da suka yi amfani a wannan aiki su ne waɗanda suka sunkuya suka dubi abin da ke cikin ƙasa, suka tambayi mai gona.

Saboda haka, mai dawowa yana da haƙƙi uku a kanmu: a karɓe shi da mutunci, a mayar masa da duk ƴancinsa na ɗan ƙasa, a kuma saurari abin da ya gano a waje. Mu ma muna da haƙƙi uku a kansa: ya zauna ya tambaya kafin ya rubuta magani, ya yi mana bayani da harshen da muke ji, ya kuma yarda cewa ranar da muka ce ba mu sha, maganarmu ce ta ƙarshe. Wanda ya karɓi waɗannan sharuɗɗa, ko shekara 40 ya yi a waje, ɗan gida ne. Wanda ya ƙi su, a ba shi ɗakin duba marasa lafiya, a gode masa, amma mabuɗin gari ya zauna a hannun masu gari. Allah ya ba mu shugabanni masu jin magana, ya ba mu kuma ƙarfin halin faɗa musu ita.